Fodkas: Fernando Valenzuela, bahagon Sonora da ya cika filin Dodgers

Nafisa: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Nafisa ce tare da Malam Garba da Auwal. Yau mun ajiye ƙwallon ƙafa a gefe, Auwal ya matsa sai mun yi hirar besbol. Malam, ni dai ban san komai a wasan nan ba, a yi mini afuwa idan na yi tambayar yara.

Malam Garba: Ai tambayarki ce za ta taimaki masu saurare. A taƙaice, mutum ɗaya ne ke tsayawa a tsakiyar fili yana jefa ƙwallo, wani kuma riƙe da sanda yana neman ya doke ta. Idan mai sanda ya kuskure sau uku, ya fita. Ana yin zagaye tara. To wannan mai jifar, shi ne ƙashin bayan wasa, kuma a kansa za mu tsaya.

Auwal: Fernando Valenzuela. An haife shi ran 1 ga Nuwamba 1960 a wani ƙauye mai suna Etchohuaquila, a jihar Sonora ta Meziko. Iyayensa manoma ne, shi ne auta cikin 'ya'ya 12.

Nafisa: Maimaita sunan ƙauyen nan mu ji.

Auwal: A'a, sau ɗaya ya isa, kada harshena ya karye. Wani mai farautar 'yan wasa, Mike Brito, shi ya gan shi a Meziko, kulob ɗin Dodgers na Los Angeles ya saye shi a 1979 kan dala 120,000. Bayan ya zo aka sa Bobby Castillo ya koya masa wata jifa da ake ce wa screwball.

Malam Garba: Tsaya nan, don a nan labarin yake. Nafisa, ɗaga hannunki na hagu kamar za ki yi jifa. Yanzu lokacin da za ki saki ƙwallon, murɗa tsintsiyar hannun ciki har tafin ya kalli waje.

Nafisa: Wayyo! Har kafaɗa na ji shi.

Malam Garba: To shi haka yake yi, da iyakar ƙarfinsa, wasa bayan wasa. Ƙwallon sai ta taho kamar za ta zo wa mai sanda, tana isowa ta kauce ta yi ƙasa. Kuma kafin ya saki, sai ya ɗaga ƙafa ya juya idanu sama kamar mai duban hadari. Mai sanda na kallonsa, shi ko kallon mai sanda ba ya yi.

Auwal: Sai ranar buɗe kakar 1981. Jerry Reuss ne ya kamata ya fara, ya ji rauni a ƙafa. Faɗuwar wani tashin wani. Koci Tommy Lasorda ya miƙa wa yaro ɗan shekara 20 ƙwallo, ya jefa zagaye tara cif, ya doke Houston 2 da 0. Wasanninsa takwas na farko duk ya ci, a biyar daga ciki ko maki ɗaya ba a ci shi ba. Gari ya rikice, har aka raɗa wa abin suna Fernandomania.

Nafisa: Amma ai ana samun yara masu tashe. Me ya sa nasa ya kai haka?

Malam Garba: Saboda ƙasar da filin ke kai. Wurin da aka gina filin Dodgers, Chavez Ravine, unguwar 'yan asalin Meziko ce. A shekarun 1950 aka tashe su, da farko da sunan za a gina gidajen gwamnati, aikin ya mutu, filin ya ƙare a hannun kulob. Na ƙarshensu 'yan sanda ne suka fitar da su da ƙarfi a 1959, filin wasa ya buɗe a 1962. Akwai gidajen da suka yi shekaru ba su taka wurin ba. Sai ga wani yaro mai kama da ɗan maƙwabcinsu, kakkaura, ba ya jin Ingilishi sai Jaime Jarrín ya yi masa tafinta, yana wulaƙanta manyan Amurka. Suka fara zuwa da tutocin Meziko.

Nafisa: Kenan ya wanke kulob ɗin.

Malam Garba: Ban ce ya wanke ba. Wanda aka rushe wa gida, ba jifar ƙwallo za ta mayar masa ba. Amma kujeru sun cika, wannan kam ba musu.

Auwal: A shekarar ya haɗa lambar sabon ɗan wasa mafi fice da lambar Cy Young ta gwanin masu jifa. Har yau babu wanda ya haɗa su a kaka ɗaya sai shi. Shugaba Reagan ma ya gayyace shi cin abinci a Fadar White House lokacin ziyarar shugaban Meziko, López Portillo. Sannan Dodgers suka ɗauki kofi a hannun kulob ɗin Yankees na New York, a jerin wasannin ƙarshe na gasar.

Malam Garba: Yauwa, ka faɗi yadda aka ci wasa na uku.

Auwal: Yankees sun ci biyun farko. A na uku jifar ba ta yi masa kyau ba, amma Lasorda ya bar shi har ƙarshe, ya jefa ƙwallo sau fiye da 140, Dodgers suka ci 5 da 4. Jarumta kenan, Malam.

Malam Garba: Jarumta a wurinsa, ganganci a wurin koci. Yau mai jifa na kaiwa 100 ake cire shi. A 1986 kaɗai wasa 20 ya jefa daga farko har ƙarshe, ya ci 21 a kakar. Jiki magayi. A 1988 kafaɗa ta ce ta gaji, Dodgers suka ɗauki kofi yana zaune a benci.

Auwal: Amma zamanin haka yake. Kuma shi da kansa ba ya son a cire shi.

Malam Garba: Wane yaro ne zai ce a cire shi? Aikin babba ne ya karɓe ƙwallon.

Auwal: Duk da haka ya sake tashi. Ran 29 ga Yuni 1990 ya jefa wa St. Louis zagaye tara, babu mai sanda ko ɗaya da ya samu bugu mai kyau, aka tashi 6 da 0.

Malam Garba: Sai wata tara bayan nan, a Maris 1991, ana dab da fara kaka, suka sallame shi. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta.

Nafisa: Shi kenan ya daina?

Auwal: Ina! Ya ɗan taɓa Angels, ya koma Meziko a 1992, ya dawo Baltimore, Philadelphia, San Diego. Da San Diego ne ya fara wasan da aka yi a Monterrey a Agustan 1996, karon farko da babbar gasar besbol ta Amurka ta buga wasan kaka a Meziko, ya kuma ci. Ya rufe a St. Louis a 1997 da nasara 173.

Nafisa: Ya shirya da Dodgers kuwa?

Auwal: A 2003 ya dawo yana yi musu sharhi da Sifaniyanci a rediyo. Lambarsa 34 kuwa, tun da ya tafi ba a ba kowa ita ba, amma sai Agustan 2023 suka jingine ta a hukumance, don al'adarsu sai wanda ya shiga zauren gwarzaye na Cooperstown, shi kuma bai shiga ba.

Malam Garba: Shekara 32 suna jan ƙafa. Ya rasu ran 22 ga Oktoba 2024 yana da shekara 63, kwana uku kafin Dodgers su sake karawa da Yankees a jerin wasannin ƙarshe, karo na farko tun 1981.

Nafisa: Wa ya ci?

Auwal: Dodgers, sun ci wasa 4, Yankees 1, da lamba 34 a jikin rigunansu.

Nafisa: To ni dai kafaɗata har yanzu tana zafi, Malam, man zafi na wuyanka. Masu saurare, sai mako mai zuwa.