Kwalli, Jita da Faifan T. Rex

HAJIYA: Assalamu alaikum, masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Tun makon jiya saƙonni suke shigo mana a kan hoton nan da Auta ya sa a zaurenmu na WhatsApp, kuma tun da Malam ya gan shi bai bar kowa ya huta ba, saboda haka yau a kan T. Rex za mu zauna. A ƙarshe kowannenmu zai faɗi faifan da ya kamata sabon shiga ya fara da shi.

AUTA: Ni ban san zan sosa wa Malam inda yake masa ƙaiƙayi ba. Waƙar "20th Century Boy" na ji a ƙarƙashin wani gajeren bidiyo, jitar da ta buɗe ta ta kama ni, na bi sunan mawaƙin, sai na ci karo da hoton wani mutum mai nannaɗaɗɗen gashi har kafaɗa, da ƙyalƙyali a ƙarƙashin idanunsa. Don a yi dariya na tura hoton, sai ga Malam ya aiko da saƙon murya na minti goma sha ɗaya.

MALAM: Minti tara ne, kuma rabinsa gyaran kuskurenka ne, domin ka rubuta cewa mutumin sunansa T. Rex. Sunan ƙungiyar ke nan. Shi mutumin Marc Bolan ne, ɗan Landan, wanda aka haifa a 1947, iyayensa kuma Mark Feld suka raɗa masa. Ƙyalƙyalin da ya ba ka dariya kuwa yana da tarihi, domin a watan Maris na 1971 ya fito da shi a fuskarsa a shirin Top of the Pops na talabijin ɗin BBC, yana rera "Hot Love", kuma masu rubuta tarihin waƙar Ingila da yawa daga wannan daren suke fara lissafin salon da ake kira glam rock. Waƙar ta yi mako shida tana kan gaba a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya.

HAJIYA: Abin da ya ba ni mamaki, Malam, shi ne yadda ɗan ƙyalli a fuska ya tayar da ƙasa guda. Ni kakana har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa fita sallar Juma'a ba tare da ya zizara kwalli ba, kuma babu wanda ya taɓa waiwayowa ya kalle shi sau biyu.

MALAM: Wuri ne ya bambanta, Hajiya. A Ingilar wancan lokaci mawaƙan jita da ake girmamawa a cikin tsofaffin wanduna da gemu buzu-buzu suke hawa dandamali, suna tsawaita waƙa ɗaya har minti ashirin, kuma suna kallon duk mai neman farin jinin 'yammata a matsayin wanda ya sayar da sana'arsa. Sai ga wannan ya fito cikin tufafin satin masu sheƙi, da waƙa gajera mai sauƙin amshi. Tsofaffin masoyansa sun ji haushi ƙwarai, har John Peel na rediyon BBC, wanda ya daɗe yana tallata shi tun ba a san shi ba, ya ja baya daga gare shi.

AUTA: To ai su tsofaffin masoyan ne ban gane ba. Da na koma baya ina neman waƙoƙinsa na farko, na ɗauka na yi ɓatan kai ne, domin babu jitar lantarki, babu manyan ganguna, sai wata murya mai karkarwa kamar ta ɗan akuya, da wani yana buga ƙananan ganguna da hannu.

MALAM: Ba ka ɓata ba, gidan ne. Daga 1967 su biyu ne kacal, shi da Steve Peregrin Took, suna zaune a ƙasa sun tanƙwashe ƙafafu, kuma sunan ƙungiyar a lokacin cikakke ne, Tyrannosaurus Rex. A 1969 Mickey Finn ya maye gurbin Took, a 1970 aka datse sunan, Bolan ya rungumi jitar lantarki, sai "Ride a White Swan" ta hau har mataki na biyu. Muryar ɗan akuyan nan da kake faɗa bai yar da ita ba, rage mata karkarwa kawai ya yi, kuma idan ka kasa kunne za ka ji ta a dukan faya-fayen da suka biyo baya.

HAJIYA: Ni dai datse sunan nan ya yi mini daidai, domin na ga sunan faifansu na farko na 1968, kuma sai da na sauke numfashi sau biyu kafin in kai ƙarshensa.

AUTA: Na ƙirga, Hajiya, kalmomi ashirin ne daidai. Mutumin da ya ɗauki sunan ƙatuwar dabba mai kama da ƙadangare ya sa wa ƙungiyar mutum biyu, ai ba za a yi mamaki ba idan ya sa wa faifai suna mai tsawon wasiƙa.

MALAM: Ka yi tunanin yaro ya shiga kantin faya-faye yana son saye. Kafin ya gama faɗin sunan, mai kanti ya rufe ya tafi gida.

HAJIYA: Ko kuma mai gabatarwa a rediyo ya fara karanta sunan, kafin ya ƙare lokacin labarai ya yi.

AUTA: Shi ya sa daga baya ya tuba, ya koma sunaye masu kalma biyu.

MALAM: Tuban bai daɗe ba, domin a 1974 ya sake fitar da wani mai dogon suna, amma mu bar wannan. Faifan mai kalma biyu, Electric Warrior, shi ne wanda yake gabanku a kan teburin nan, kuma shi nake so mu tsaya a kansa. A hannun wani dattijo mai gyaran rediyo na same shi, cikin kwalin da ya tura ƙarƙashin benci, tsakanin faya-fayen Indiya da na Kongo. Ban san ƙungiyar ba a lokacin, bangon ne ya ja ni. Ku duba, baƙi ne wuluk, sai inuwar mutum mai ruwan zinariya ya sunkuya a kan jita, da tarin lasifika a bayansa. Gefe ɗaya na kwalin gara ta taɓa shi, kuma a fuskar farko akwai wani karce da yake sa allura ta yi tsalle a tsakiyar "Jeepster", sai na ɗora kwabo a kan hannun allurar kafin ta wuce wurin. Na yi shekaru ina jin waƙar da wannan tuntuɓen, har ranar da na ji ta a intanet lafiya lau sai na ji kamar an cire mata wani abu.

HAJIYA: To mene ne a cikinsa da ya sa kake fifita shi? Ni da na saurara, na ji kiɗan ba shi da wuya, kusan abu ɗaya ake ta maimaitawa.

MALAM: Gaskiya ne, kuma shi kansa Bolan bai ɓoye inda ya samo shi ba. Gindin kiɗan na Chuck Berry ne da sauran mawaƙan Amurka na shekarun 1950, har a ƙarshen "Get It On", daidai lokacin da sauti yake dusashewa, za ki ji ya jefo layi ɗaya daga wata waƙar Chuck Berry. Abin da ya mayar da wannan tsohon kiɗa sabo shi ne aikin sutudiyo, kuma a nan ne dole a ambaci Tony Visconti, Ba'amurken da ya riƙe masa ɗaukar sauti tun daga faifan farko. Shi ne yake rubuta wa masu gogen Turawa abin da za su goga, ya shimfiɗa shi a ƙarƙashin jitar, kamar yadda za ki ji a "Cosmic Dancer". Sannan ga 'yan amshi, Howard Kaylan da Mark Volman, waɗanda a da suke ƙungiyar The Turtles, maza ne biyu amma suna ɗaga murya sama har ki rantse mata ne. Ki cire gogen, ki cire amshin, abin da zai rage ba zai kai ki ko'ina ba. An ɗauki waƙoƙin a Landan da New York da Los Angeles, faifan ya fito a watan Satumba na 1971, ya kuma hau kan gaba a Birtaniya.

AUTA: Amma Malam, idan haka ne, ashe yabon na Visconti ne.

MALAM: Rabinsa nasa ne, kuma hujjata ita ce bayan sun rabu a wajajen 1974 faya-fayen sun yi rauni, ko da yake akwai masu musanta mini wannan. Sai dai Visconti bai iya ƙirƙiro wannan muryar ba, kuma ba shi ne yake haɗa kalmomin nan da ba su da ma'ana a takarda amma suke zama daram a baki ba. Cikin 1971 da 1972 sau huɗu suna kan gaba a jadawali, da "Hot Love", da "Get It On", da "Telegram Sam", da "Metal Guru". A Amurka kuwa sau ɗaya tak suka shiga goman farko, shi ma sai da aka sauya wa waƙar "Get It On" suna zuwa "Bang a Gong", domin wata ƙungiya mai suna Chase tana da waƙa mai irin sunan.

HAJIYA: Wani mai saurare ya tambaya ko gaskiya ne cewa bai iya tuƙi ba, alhali waƙoƙinsa cike suke da motoci.

MALAM: Gaskiya ne, bai taɓa koyo ba. Kuma a mota ajalinsa ya same shi, ranar 16 ga Satumba, 1977, a unguwar Barnes ta Landan, saura mako biyu ya cika shekara talatin. Gloria Jones, mawaƙiyar da suke tare, ita take tuƙi, ta ji rauni amma ta rayu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne a wannan shekarar al'amuransa sun fara farfaɗowa, ya yi rangadi da matasan ƙungiyar The Damned, ya kuma samu shirin talabijin nasa na kansa, wanda David Bowie ya fito a kashinsa na ƙarshe.

AUTA: Ni dai har yanzu The Slider na 1972 ya fi kwanta mini, ko don hoton bangonsa, da doguwar hular nan, wanda Ringo Starr, makaɗin gangar ƙungiyar Beatles, ya ɗauka.

MALAM: Haka aka rubuta a jikin faifan, amma Visconti ya ce shi ne ya ɗauka, Bolan ne ya miƙa masa kyamara a lokacin da Ringo yake can yana fama da aikin Born to Boogie, fim ɗin da yake shiryawa a kan T. Rex.

AUTA: Ai abin da aka buga a jikin faifai shi ne shaida, Malam.

MALAM: Wanda ya sa aka buga ɗin ya san sunan ɗan Beatles ya fi jan kasuwa.

HAJIYA: Ku dakata haka nan, mai kula da na'ura yana ta nuna mini agogo. Ba mu taɓo wasan da T. Rex suka yi a Wembley ta Landan a Maris 1972 ba, kuma ba mu faɗi faifan da za a fara da shi ba.

MALAM: Electric Warrior, fuska ta biyu tukuna, sannan a juya.

AUTA: Ni ban yarda ba, amma sai mako mai zuwa. Malam, a bar mini faifan nan in tafi da shi gida.

MALAM: Da kwabon ko ba da shi ba?

HAJIYA: Masu saurare, mu kwana lafiya.