Mu Fara da Abin da Yaron Ya Iya

Assalamu alaikum warahmatullahi wa barakatuhu. Shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, Allah ya saka da alheri da kuka ba ni wannan lokaci.

Aikina koyarwa ne, a ajin yara masu buƙata ta musamman. Akwai tambayar da nake yi wa kowace uwa da kowane uba ranar da muka fara haɗuwa: me yaronku ya iya? Sau da yawa sai a yi shiru. Amma da na ce me yake damunsa, nan take za a jero: ba ya magana, ba ya zama wuri ɗaya, ba ya gane haruffa. Ba laifinku ba ne, iyayena. Tun daga asibiti har makaranta, abin da ya gaza ake ta ƙirga muku, har ido ya daina ganin sauran.

Na taɓa samun wani yaro mai larurar autizim, wadda wasu ke kira galahanga. Idan aka miƙa masa littafi sai ya ture. Wata rana mahaifiyarsa ta ce da ni, cikin jin nauyi, kamar tana faɗin wani aibu, ba abin da ya sani sai motocin bas: lambar kowace, da inda take tsayawa. Washegari na kawo jadawalin bas cikin aji. Da sunayen tashoshi ya fara haɗa haruffa, da lokutan tashi ya koyi ƙari da ragi. Larurarsa tana nan, ba ta tafi ko'ina ba, amma ya samu ƙofar shiga karatu, kuma uwarsa ce ta nuna mini ƙofar.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Stephen Wiltshire, wanda aka haifa a Landan a 1974, ya kai shekara biyar ba ya magana, sai zane. Malamansa suka lura, suka riƙa ɗauke masa kayan zanen na ɗan lokaci don ya nema da bakinsa, kalmar farko da ya furta kuwa ita ce takarda. Yau yana kallon birni daga jirgi mai saukar ungulu, ya sauko ya zana shi da ka. Temple Grandin kuma, wadda ita ma ta makara wajen magana, malamin kimiyyarta ne ya ɗauki sha'awarta ta ƙere-ƙere da muhimmanci. Ta zama farfesa a fannin kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado. Mu ma kuma mun san Abdullahi bin Ummi Maktum, Allah ya ƙara masa yarda, wanda saboda shi aka saukar da farkon Suratu Abasa. Makaho ne, amma an duba muryarsa da amanarsa, ya zama ladani, har Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yakan bar masa jagorancin salla a Madina idan ya yi tafiya.

Sai dai kada a fahimce ni ba daidai ba. Ba kowane yaro ne zai zama gwanin da duniya za ta sani ba, kuma zalunci ne mu ɗora masa wannan buri. Ƙarfin wani yaron shi ne yana riƙe waƙa da ji ɗaya. Wata yarinyar tana da haƙurin jera abubuwa daki-daki. Wani mai disleksiya, wato wahalar haɗa haruffa, idan aka karanta masa labari zai maimaita maka shi tsaf. Irin wannan a ba shi littafin saurare, a bar shi ya amsa wasu tambayoyin da baki, yana kuma ci gaba da horon karatu a gefe. Ba a daina gyaran inda ke da rauni. Ana dai hana yaro wuni guda cur a kan abin da yake faɗuwa a kai, domin wanda ya sha faɗuwa tun safe, kafin azahar ya daina gwadawa.

Yanzu ga abin da ya shafe mu kai tsaye. A nan Amurka, tun 1975 doka ta ba yaro mai nakasa haƙƙin karatu kyauta a makarantar gwamnati. A 1990 aka sauya mata suna zuwa IDEA. Ƙarƙashinta ne ake rubuta wa yaro tsarin karatunsa na kansa, wanda kuke ji ana kira IEP, ana kuma sake duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Dokar ta ce dole masu rubuta shi su yi la'akari da ƙarfin yaron, ta kuma sa iyaye cikin masu rubutawar. Ke uwa ba 'yar rakiya ba ce a wannan zama. Idan Turanci yana yi miki nauyi, haƙƙinki ne makaranta ta kawo tafinta. Kuma ku ci gaba da yi wa yaranku Hausa. Jin harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana.

Abin da ya fi yi mini ciwo, zan faɗe shi a gaban dattawa: wasunmu suna barin irin waɗannan yara a gida idan za a zo taro kamar wannan, don gudun abin da za a ce. Yaron da aka ɓoye, wa zai gano abin da ya iya?

Roƙona biyu ne. Kafin zamanku na gaba da makaranta, ku ɗauki mako guda kuna rubuta abin da yaron yake yi ba tare da an sa shi ba, da abin da yake sa fuskarsa ta washe, ku tafi da takardar, ku nemi a fara karanta ta kafin komai. Ranka ya daɗe shugaba, ina kuma roƙon ƙungiya ta ware mutum biyu ko uku da za su riƙa raka iyaye irin wannan zama. Ni na fara ba da sunana, kuma bayan an tashi ina nan bakin ƙofa ga mai son mu tattauna a keɓe.

Wassalamu alaikum warahmatullah.