Jawabin Maraba ga Mai Girma Jakada daga Ɗaliban Hulɗar Ƙasa da Ƙasa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaban Jami'a, iyayenmu sarakuna da wakilansu, Shugaban Tsangaya, Shugaban Sashe, malamanmu, 'yan'uwana ɗalibai, da kuma wanda dominsa muka taru yau, babban baƙonmu, mai girma Jakada.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa Kabi, sannu da hanya. An ce mana a mota ka zo, ta Kwantagora da Yawuri da Koko da Jega. Mu da ke bin wannan titi duk ƙarshen zangon karatu mun san abin da yake yi wa bayan matashi, balle dattijo. Allah ya saka da alheri, ya ba da ladar zumunci.

A madadin ɗaliban wannan sashe nake magana, kuma zan fara da wata tambaya da kusan kowannenmu ya sha a gida. Ranar da na kai wa Baba takardar samun gurbin karatu, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "To, idan an gama wannan, me ake zama?" Likita ya sani, lauya ya sani, malamin gona ma ya sani. Na ce ana zama jakada. Ya yi dariya ya ce, "Jakadan wa?"

Da na san abin da na sani yau, da na ce masa ya dubi Zagga. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande ɗan can ne. Ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo daga 2004 zuwa 2009, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, sannan a 2019 ya hau kujerar shugabancin Babban Zaurenta, zama na 74. Kafin shi ɗan Najeriya ɗaya ne ya taɓa zama a kanta, Janar Joseph Garba, a 1989. Yau kuma ga ka a gabanmu, ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Na so a ce Baba yana cikin wannan zaure.

A aji an koya mana cewa a Aberystwyth ta Birtaniya aka fara kafa kujerar farfesa ta wannan fanni a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mun haddace yarjejeniyar Westphalia ta 1648 da ta Vienna ta 1961 wadda ta tsare mutuncin jakadu. Mun rubuta su a jarrabawa, mun ci. Amma ni 'yar Kamba ce, kuma gaskiyar magana ba a aji na fara wannan karatu ba.

Jiharmu tana maƙwabtaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin. Ta nan Kogin Kwara yake shigowa Najeriya. Mutumin Kamba ya fi kusa da Gaya ta Nijar a kan Birnin Kebbi, mutumin Tsamiya kuma kasuwarsa ta haɗa da Segbana ta Benin. A Dole Kaina sai an nuna maka kafin ka gane inda Najeriya ta ƙare. Tun ina firamare na san farashin sefa, domin gwaggona a Gaya take aure, kuma duk sallah ita ke aiko mana da barka da sallah da kuɗin can. Sai da na zo aji biyu na ji yadda aka yi gwaggo ta zama 'yar wata ƙasa. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi. A 1898 suka sake zama, suka zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Da Faransawa suka ga an bar su da hamada, babu rijiyoyin da ayarinsu zai bi zuwa Damagaram, aka sake gyara layin a 1904 da 1906. Rijiyoyin Bature aka duba. Babu wanda ya tambayi Dandawa ko Arawa ko Kabawa.

Sai ga 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai, kwana huɗu bayan nan ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi. A takarda layi kaɗan ne. A Kamba kuwa tireloli ne jere, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu suna dafa shayi, mako ya bi mako. 'Yan dako da masu abinci da 'yan canji suka koma zaman kashe wando. Wayar lantarkin da ta ratsa ta Birnin Kebbi zuwa Yamai aka datse ta. Mu a gidanmu biki ne ya kama na 'yar gwaggo, mata suka bi hanyar gona a kan babur, anko a ƙulle cikin buhu don kada ƙura ta ɓata shi. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024, kuma duk da haka Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a ƙarshen Janairun 2025.

Zan faɗi ra'ayina, in na yi kuskure malamai su gyara mini, kai kuma ka yafe wa 'yarka. Takunkumin nan talaka ya fi ji a jikinsa, a can da nan. Kuma abin lura, lokacin da ƙofofin Yamai suka rufu, waɗanda aka fara buɗe wa su ne masu rawani: Khalifa Muhammadu Sanusi na Biyu ya gana da Janar Tchiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ma ta gana da shi. Harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma wanda ya san gidan shi ke sanin ta inda ake sallama. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bikin kamun kifi na Argungu da duniya ke zuwa kallo ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, bayan gabar da ta haura shekara ɗari tsakanin Sakkwato da Kabi. Sulhu ne aka ƙulla, aka shiga ruwa don murna. Idan wannan ba diflomasiyya ba ce, ban san sunanta ba. Amma har yanzu ɗalibi a nan ya fi samun abin karantawa a kan Yaƙin Cacar Baka fiye da a kan Hukumar Kogin Kwara mai ƙasashe 9, wadda hedikwatarta ke nan Yamai, alhali ruwan da ake tattaunawa a kansa shi ne ke shayar da shinkafar fadamunmu.

Al'ada ce idan babba ya zo a kai masa kuka, to ga namu.

Na farko harshe, kuma da kaina zan fara. Bara na tsallaka Gaya don tattara bayanan furojet. Na yi hira da 'yan kasuwa da Hausa, na yi da tsofaffi da Dandanci, ina jin kaina. Da na shiga wani ofis aka miƙo mini takarda in cike, sai na tsaya ina kallonta kamar hoto. Wani yaro mai tallan ruwan sanyi ne ya karanta mini ita, ya nuna mini inda zan sa suna. Shekara uku ina karanta hulɗar ƙasa da ƙasa! Duk ƙasashen da muka haɗa iyakar tudu da su da Faransanci suke aikin hukuma, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru. Muna roƙo ka sa mana baki a samu hanyar da ɗalibanmu za su riƙa zuwa Ƙauyen Faransanci na Badagry ko da na wata uku ne, ko a samo mana malamai daga maƙwabta. Larabci da sauƙi, da yawanmu mun taso da shi daga makarantar allo da Islamiyya, gyara kawai yake so.

Na biyu, ba mu taɓa ganin yadda ake aikin ba. Mafi yawanmu ba mu taɓa taka Gidan Tafawa Balewa a Abuja ba, inda Ma'aikatar Harkokin Waje take, balle Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje da ke Legas tun 1961. Ko ɗalibi biyar aka karɓa a shekara su yi sanin makamar aiki, za su dawo su koya wa saura.

Sai tambayoyi, don tambaya rabin ilimi ce. Muna so mu ji daga bakinka yadda ake shiga aikin jakadanci, abin da ake dubawa, da abin da ke kayar da yaran Arewa a wurin tantancewa. Muna so ka gaya wa waɗanda ba za su samu wannan ƙofa ba, kuma su ne mafi yawa, inda karatun nan zai yi musu rana: kwastam, shige da fice, jarida, ƙungiyoyin agaji, kasuwancin ƙetare. 'Yan'uwana mata kuma sun ce lallai in tambaya: mun ga Hajiya Amina Mohammed tana Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017, to yaya mace take haɗa aure da aikin da ake ɗauke mutum daga wannan ƙasa zuwa waccan duk bayan 'yan shekaru? Ni kuma tawa guda ce. Ka taɓa kare matsayin gwamnati a gaban baƙi alhali zuciyarka ba ta kwanta da shi ba? Me ka yi da ka koma masauki?

Ranka ya daɗe, mun tanadar maka 'yar tsaraba: gora da homa irin na masuntan Argungu, da buhun shinkafar gida. An kuma ce in shaida maka akwai tuwon shinkafa da miyar kifi bayan an sauko daga Azahar, kuma malamanmu sun ce ba za a bar ka ka kama hanya ba sai ka ci.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya mai da kai gida lafiya. Bismillah, ranka ya daɗe, muna saurare.