Laccar da aka yi kan Piazzi, fadan da ya gano Ceres

To jama'a, mutumin namu na yau sunanshi Giuseppe Piazzi, ɗan Italiya ne, an haife shi 1746, fadan coci ne amma lissafi da taurari su ne sana'arshi. Shi ya kafa gidan duban taurari na Palermo a tsibirin Sisili, har Landan ya je da kanshi ya sa wani maƙeri Ramsden ya ƙera mai na'urar awo.

Abin da nake so ku riƙe, ba fa neman sabon abu ya fita ba. Rajistar taurari yake yi, ya auna inda tauraruwa take yau ya rubuta, gobe ya sake auna ta, aiki mai gundura wallahi. Daren 1 ga Janairu 1801 ya rubuta wata 'yar mitsitsiya, washegari ya dawo ya ga ta gusa, ya ce ƙila ni na yi kuskure, jibi ma ta gusa, to tauraron gaske ba ya barin mazauninshi a tsakanin 'yan uwanshi haka, kun gane? Sai ya sanar cewa tauraruwa mai wutsiya ce, alhali zuciyarshi na raya mai abin ya wuce nan, don bai ga wutsiya ba. Ni dai ban ga laifinshi ba, gudun jin kunya ne.

Ya bi ta har 11 ga Fabrairu, awo 24, sai ciwo ya kwantar da shi, kafin sauran masana su samu cikakken labari ta shige hasken rana ta ɓace ɓat. Nan ne wani saurayi Bajamushe, Gauss, shekararshi 24, ya ɗauki 'yan lambobin nan ya zauna da alƙalami, ba kwamfuta ba kalkuleta, ya ce ku duba wuri kaza. Ƙarshen Disamba wani masanin taurari, von Zach, ya duba ya same ta kusan daidai wurin.

Ceres ke nan, tsakanin Mars da Jupita, faɗinta wajen kilomita 940, ita ce ta farko da aka gano a duwatsun nan masu zagaya rana da ake kira astaroyid. Da ma Piazzi ya lanƙaya mata sunan Sarki Ferdinand na Sisili a bayan sunan Ceres, sauran ƙasashe suka ce ba su san zance ba, aka cire. Piazzi ya rasu 1826 a Naples, kumbon Dawn na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, kuma sai 2015 ya isa gare ta.