Sabar ta ƙi tashi saboda fstab, ga yadda ake gyara ta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau kan fayil ɗin /etc/fstab za mu zauna, shi ne ke gaya wa Linux wane diski za ta ɗora in ta tashi da kuma inda za ta ɗora shi. Ɗan mitsitsin fayil ne amma wallahi harafi ɗaya ka kuskure sai ya rufe maka ƙofa.

Ni kaina ya taɓa yi min, na cire wani diski na ajiya na manta ban taɓa layinsa na cikin fstab ba, na sake kunna sabar, shiru, SSH, wato hanyar shiga sabar daga nesa, ya ƙi shiga, ina ta zagin netwok ashe bawan Allah ba ruwansa. Abin da na sake haɗawa kenan a nan don ku gani. Kun ga wannan lambar da ke ƙirgawa a allo lokacin da sabar ke tashi? systemd, manhajar da ke tayar da komai a Linux, shi ne ke jiran diskin, daƙiƙa 90 yake ba shi, in bai zo ba sai ya jefa ka emergency mode, wato yanayin gyaran gaggawa, kuma can babu SSH, dole ta konsol ɗin kamfanin da ka kama haya za ka shiga, ko ka jona kibod in injin na gabanka.

To sa fasawod ɗin root, wato babban mai iko a injin. In ka ga fayil ya ƙi karɓar gyara, diskin a karatu kawai yake, rubuta mount -o remount,rw / tukuna. Sai ka ajiye kwafi, cp /etc/fstab /etc/fstab.bak, don Allah kar ka tsallake wannan.

Yanzu blkid. Ga UUID, wato lambar shaida, na duk diskin da ke jone. Buɗe nano /etc/fstab ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowane layi gida shida ne, UUID ne a gidan farko. Yauwa, ga ɓarawon nan, layi na uku, lambarsa babu ita a blkid. Ni ba na gogewa, # nake sawa a farkon layin don Linux ta tsallake shi, gobe ka iya nemansa. Ctrl+O, Enter, Ctrl+X.

Tsaya, kar ka yi saurin reboot. Rubuta systemctl daemon-reload don systemd ya sake karanta fayil ɗin, sai findmnt --verify ya duba kuskure, sannan mount -a ya gwada ɗora diskan da ke ciki. In mount -a bai ce uffan ba to lafiya lau. Kuma duk diskin da ba na tsarin ba ne, irin na ajiya, ka ƙara masa nofail a gida na huɗu, ko ya ɓace sabar za ta tashi abinta.

To bismillah, reboot. Mu ɗan jira... ga login ya fito, bari in gwada SSH daga laftof ɗina. Ya shiga.