Tsibirin da manoma suka sayi injinan iska

Akwai wani tsibiri mai suna Samsø, a ƙasar Denmark. Mutanensa ba su kai 4,000 ba, kuma an fi saninsu da noman dankalin turawa. Kafin 1997, man da suke ɗumama gidaje da shi jirgin ruwa ke kawowa, wutar lantarki kuwa ta ƙarƙashin teku ake jawo musu ita, yawancinta daga tashoshin da ke ƙona kwal.

A shekarar ne gwamnati ta sa gasa: wane tsibiri zai iya dogara da makamashin da ba ya ƙarewa, irin na iska da rana, cikin shekara 10? Samsø ya ci. Sai dai cin gasar bai zo da buhun kuɗi ba. Wani malamin makaranta ɗan tsibirin, Søren Hermansen, shi ya riƙa bin taro taro yana lallashin mutane su zuba kuɗinsu a injinan iska masu samar da wuta. Manomi kuwa, a ko'ina yake, tambayarsa ɗaya ce: nawa zan zuba, yaushe kuɗina zai dawo?

Bari mu duba injin kansa. Fanka ce aka juya mata aiki. Ita fanka wuta take ci ta ba da iska, shi kuwa iska ce ke tura fukafukansa guda uku, su juya sandar ƙarfe, sandar ta juya janareta da ke can ƙolin turken. Ga inda lissafin yake: idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa. Shi ya sa ake dogon turke, shi ya sa kuma ake kai wasu tsakiyar teku, inda babu gini ko bishiya da za su tare iska.

Zuwa 2000 an kafa injina 11 a kan tudu, kowanne megawat 1 (megawat ma'aunin ƙarfin wuta ne). Tara na manoma ne, biyu na ƙungiyoyin haɗin gwiwa, inda talaka ma zai sayi hannun jari daidai aljihunsa. Nan ne dabarar take. Injin iska yana da ƙara, yana kuma tsaya wa mutum a ido. Amma wanda ke da kaso a ciki, in ya ji ƙarar nan da daddare, ya san kuɗi ne ke shigowa. Daga baya aka ƙara 10 a teku, kowanne megawat 2.3, ƙaramar hukuma ta ɗauki biyar.

Mutanen Katsina sun san ɗaya gefen labarin. Tashar iska ta Lambar Rimi, injina 37 masu megawat 10 gaba ɗaya, tun marigayi Umaru Musa 'Yar'adua yana gwamna aka faro maganarta, aikin ya yi ta jan ƙafa sama da shekara 10. Dalilai da yawa ne, har da rashin tsaro. Amma a ganina, da manoman Rimi na da ko sisi a ciki, da ba a bar shi ya daɗe haka ba wanda ya ɗaga murya.

Mu koma Samsø, mu leƙa cikin gidaje. Sanyin can ba wasa ba ne, don haka ɗumama ɗaki ke cinye kuɗi. Sai suka gina tashoshi masu ƙona karan alkama da sha'ir, ana tafasa ruwa, a tura shi ta bututu gida gida. Manomi ya sayar da kara, maƙwabcinsa ya daina sayen mai.

Kada dai a zuzuta. Taraktoci da motoci da yawa ba su rabu da mai ba. Abin da ake yi shi ne, rarar wutar da injinan teku ke samarwa ana sayar wa babban yankin ƙasar, sai a lissafa ta a madadin hayaƙin da ababen hawa ke fitarwa. A 2015 an fara jigilar mutane zuwa yankin Jutland da jirgin ruwa mai aiki da iskar gas, kuma burin mutanen tsibirin shi ne su yi sallama da mai gaba ɗaya nan da 2030.