Sharhi: Wa Zai Karɓi Haihuwa a Asibitin Ƙauye?

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau kan ƙananan asibitocin mazaɓunmu ne, da mutanen da ya kamata mu tarar a cikinsu.

Duk mai yawo a karkarar Arewa ya san irin ginin. An shafa fenti, an kafa allo, wani har da sola a rufi. Da rana ma'aikaci ɗaya ne: shi ke yankar kati, shi ke gwajin zazzaɓin cizon sauro, shi ke allurar rigakafi, shi ke ba da magani. Da magariba ta yi sai kwaɗo a ƙofa. Ita kuwa naƙuda ba ruwanta da lokacin tashi daga aiki. Matar da jini ya ɓalle mata da tsakar dare, ko jijjiga ta kama ta, sai dai a ɗora ta a babur ko amalanke a nufi babban asibiti. Wata ta kai, wata ta cika a hanya.

Ba dabara ce ta yi mana ƙaranci ba. Tun taron Alma-Ata na 1978 duniya ta amince cewa kiwon lafiya daga matakin farko yake somawa. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, a kan wannan turba ya ɗora Najeriya. Dokar lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin wannan mataki. Inda gizo ke saƙar shi ne wanda zai yi aikin.

Mu faɗa wa juna gaskiya, likita ba zai tare a kowane ƙauye ba, alhali na birni ma Ingila da Saudiyya suna kwashe su. Wanda zai zauna shi ne jami'in lafiyar al'umma mai karatun shekara uku, da ungozomar karkara mai karatun shekara biyu. Makarantun Maƙarfi, Kankia da Jahun suna yaye irin waɗannan jami'ai duk shekara. Abin takaici, da yawansu sa-kai suke yi, shekara da shekaru ba takardar ɗaukar aiki, ba albashi, har su gaji su buɗe kemis.

An gwada turo ungozomomi daga nesa a wani shirin gwamnatin tarayya na 2009, amma da alawus ɗin da ya rataya a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi ya riƙa makalewa, da yawa suka tattara nasu ya nasu. Shi ya sa nake ganin mafita tana hannun 'yar gari. Shirin Women for Health da aka fara a 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Yobe da Zamfara ya ɗauko 'yan mata daga ƙauyuka, ya ba su karatun share fage har suka cancanci shiga makarantun jinya da ungozoma. Irin wannan yarinya ta san kowane gida, ta san harshen mutanenta, kuma magidancin da ba zai yarda namiji ya yi wa matarsa awon ciki ba, da kansa zai kawo ta wurinta. Da dare ma an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin sake horar da ma'aikata 120,000. Madalla da wannan. Sai dai ɗaukar ma'aikatan ƙananan asibitoci haƙƙin jihohi ne da ƙananan hukumomi. Don haka idan kwamishinan lafiya ya zo kare kasafinsa, 'yan majalisar jiha su tambaye shi ungozoma nawa zai ɗauka bana, a wace mazaɓa, ina za ta kwana, kuma wa zai riƙa zuwa duba aikinta.